Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitocin da ke rubuta wa tsofaffinmu antibayotik ta waya

Assalamu alaikum likitoci, ranku ya daɗe, da ku manajojin gidajen kula da tsofaffi, ina gaishe ku da aiki.

Ni nas ce, na daɗe ina diyutin dare a gidan kula da tsofaffi, irin gidan da ake kawo mutum idan shekaru sun ja ƙarfi ya ƙare har ɗawainiyarsa ta fi ƙarfin 'yan uwa. Ni ce muryar nan da kuke ji a waya ƙarfe biyun dare tana cewa likita a yi haƙuri na tashe ka, Mama ta ɗaki kaza yau dai ba ta yi min daidai ba. To yau ba waya zan buga ba, rubutu zan yi, saboda maganar ta fi ƙarfin minti biyun da muke samu da ku, kuma wallahi ta daɗe tana ci min rai.

Bari in fara da wata baiwar Allah da ba zan faɗi sunanta ba, mu dai Mama muke ce mata. Ta haura tamanin da biyar, mantuwa ta ɗan fara taɓa ta amma tana gane mutanenta, tana takawa da sandarta har bakin taga, kuma babu abin da take so kamar a tara mata ƙananan tawul ta zauna tana ninkewa ɗaya bayan ɗaya tana jera su a cinya. Wata rana da yamma ta ƙi abinci, ta dinga fizge bargo tana yunƙurin tashi tana kiran sunan yayarta da ta rasu shekaru da yawa. Yarinyar da ta canza mata famfas ta zo ta ce min Sista fitsarinta fa ya yi duhu kuma yana wari. Na ɗauko tsinken gwajin fitsari na tsoma, nan take ya canza kala, na buga wa likitan da ke kan kira, wanda bai taɓa ganin fuskar Mama ba ko sau ɗaya, na ce ta ruɗe kuma fitsari ya nuna, ya ce a fara mata antibayotik ɗin nan sifro (siprofuloksasin) kwana bakwai, ya ajiye. Bai tambaye ni zafin jikinta ba, ni ma ban faɗa ba, alhali na auna kuma lafiya lau yake. Bai tambaya ko tana kukan zafi wajen fitsari ba, kuma ba ta yi. Kwana uku tana shan magani ruɗewar sai ma ƙaruwa take, sai wata abokiyar aikina ta rana ta buɗe takardar da ake rubuta bayan gida ta ga ashe kwana shida Mama ba ta zaga ba, cikinta ya yi tauri kamar dutse har ya danne mafitsara fitsarin ma ba ya fita duka. Aka taimaka mata ta samu sauƙin cikin, washegari da safe ta dube ni ta ce ina tawul ɗina. Ciwon ke nan gaba ɗaya. Amma sifro ɗin babu wanda ya tsayar, tunda likita ya rubuta kwana bakwai kowa ya ce a ƙarasa.

Bayan kamar kwana goma da gamawa gudawa ta ɓalle mata, ruwa tsuru, sau bakwai sau takwas a yini, da wani wari da duk wanda ya yi aikin nan ya san shi tun daga bakin ƙofa. Gwaji ya dawo C. diff, wata bakteriya da ke mamaye hanji bayan an sha antibayotik. Aka killace ta a ɗaki ita kaɗai, muna shiga da safar hannu da rigar leda, tana kallonmu a tsorace ba ta gane mu, fatar mazaunanta ta saɓule, ta rame har zoben hannunta yake zamewa. Ta warke, ciwon ya dawo, ta sake warkewa, amma makonnin da ta yi a kwance sun tafi da ƙafafunta. Ba ta ƙara takawa bakin tagar nan ba.

Laifi tudu ne, ban zo in taka nawa in hango naku ba. Ni na tsoma tsinken, ni na tsara maganar a waya yadda amsa ɗaya kawai za ta iya fitowa. Amma biron a hannunku yake, shi ya sa da ku nake magana.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne ba sabon ilimi ba ne, duk kun karanta. Tsoho a gidan kula, fitsarinsa na ɗauke da bakteriya ko da lafiyarsa ƙalau, a cikin mata ana samun kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari haka suke zaune da ita ba ciwo ba komai, mazan ma ba su yi nisa da hakan ba, wanda kuwa ya daɗe da robar fitsari a jikinsa kusan duk wanda ka auna sai ka samu. Ke nan in na bi ɗakunan nan cikin dare na tsoma tsinke a fitsarin kowa, masu barcinsu lafiya da masu ciwo, kusan rabin matan zai nuna. To me tsinken ya gaya min game da Mama? Bai gaya min komai ba, abin da yake can tun watanni ya nuna min, ni kuma na ɗaura masa laifin abin da ya faru yau. Shi ya sa a Ingila ƙa'idarsu ta ce kar a yi amfani da tsinken nan wajen gano ciwon fitsari ga wanda ya haura 65, kuma ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka a ƙa'idarta ta 2019 ta faɗa ƙarara cewa tsohon da ya ruɗe ko ya faɗi, aka ga bakteriya a fitsarinsa amma babu alamar ciwo a hanyar fitsari kuma babu zazzaɓi ko wata alamar cuta ta kama jiki, a nemi wani dalilin a sa masa ido, kar a yi saurin ba shi antibayotik. Shi kuwa duhun fitsari da wari, sau da yawa ƙishirwa ce kawai, mutum ne bai sha ruwa ba tun safe saboda kofin yana nesa da hannunsa ko babu wanda ya zauna ya ba shi.

Ruwa ba ya tsami banza, tsohon da ya rikice dare ɗaya lallai akwai abin da ya rikita shi, kuma jerin yana da tsawo: rashin bayan gida kamar na Mama, fitsari ya taru ya ƙi fita, ciwo a wani wuri da ya kasa faɗa, ƙarancin ruwa a jiki, sabon maganin barci ko na ciwo da aka ƙara masa shekaran jiya, suga ya faɗi, gishirin jini ya yi ƙasa, iska ba ta isarsa, bugun jini a ƙwaƙwalwa, kai har tabarau da ya ɓata ko batirin na'urar jinsa da ya mutu ko canza masa ɗaki da aka yi. Duk waɗannan sai an zo an duba, an taɓa ciki, an saurari ƙirji, an buɗe fayil an karanta magungunan da yake sha. Fitsari shi ne mai sauƙi, shi ya sa kullum shi ke shan laifi, kuma da zarar an ce ciwon fitsari ne shikenan kowa ya daina nema, ainihin abin yana nan yana cin mutum.

Ba fitsari kaɗai ba. Lokacin sanyi mura ta shigo gida ta bi ɗaki ɗaki, kowa na tari, kafin sati ya zagayo rabin gidan na kan amoksilin ko abin da ya fi shi ƙarfi, alhali bairos ne kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Baba ya ƙware da shayi ya yi tari ya ɗan yi zafi da dare, kafin a ga yadda zai kwana an rubuta. Ƙafafu biyu sun kumbura sun yi ja saboda jini ba ya komawa sama yadda ya kamata, a ce cutar fata ce a ba da kwas na antibayotik, ja ɗin bai tafi ba a sake ba da wani, alhali ita cutar fatar ta bakteriya da wuya ta kama ƙafa biyu lokaci ɗaya, abin da ƙafar ke so a ɗaga ta a shafa mata mai a duba maganar safar matsi. Gyambon kwanciya kuwa in ka goga auduga a kai ka aika lab dole wani abu ya tsiro, kowane buɗaɗɗen ciwo haka yake, sai a bi takardar lab da magani a manta cewa juya mutum a kan lokaci da wanke ciwon da abinci mai gina jiki su ne maganinsa, sai fa in ja yana yaɗuwa ko mugunya ta ƙaru ko zazzaɓi ya shigo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tun 2015 ta ce har kashi 70 cikin ɗari na mazauna irin gidajen nan suna shan antibayotik aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kashi 40 zuwa 75 na abin da ake rubutawa ko dai ba a buƙatarsa ko ba a rubuta shi daidai ba. Ranar da na fara ganin lissafin nan ban yi mamaki ba ko kaɗan, tiren maganin da nake turawa kullum ya riga ya gaya min.

Kalmar da na fi ji a bakinku ita ce a ba shi dai don kar a yi da na sani, ai ba zai cutar ba. Dan Allah ku daina faɗin haka. A jikin ɗan shekara talatin wataƙila ya wuce ba a ji ba, amma jikin ɗan tamanin da biyar wani abu ne daban. Ƙodarsa ta rage aiki, kuma sakamakon kiriyatinin, gwajin jinin da ake duba aikin ƙoda da shi, na iya fitowa kamar lafiya saboda tsokar jikin ta zube, sai a ba shi dos ɗin ƙato maganin ya taru a jini. Sannan da wuya ka samu tsoho a wajenmu da ba ya shan magani kala biyar zuwa goma, kuma antibayotik ba ya shiga ya zauna shiru a cikinsu. Septrin a kan wafarin, maganin hana daskarewar jini, sai jini ya tsinke, na ga wanda ya wayi gari da fitsarin jini da tabo baƙi a duk hannu saboda haka, Flagyl ma haka yake yi da wafarin. Septrin ɗin dai a kan wasu magungunan hawan jini ko sifironolakton yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini har zuciya ta iya tsayawa. Kilaritromaisin a kan simbastatin, maganin rage kitsen jini, yana iya narkar da tsoka. Naitrofurantoyin da kuke so saboda fitsari, idan ƙoda ta yi rauni sosai ba ya ma isa mafitsarar da ƙarfinsa. Su kuwa dangin sifro, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, tun 2008 ta sa musu gargaɗi mafi girma kan tsinkewar jijiya irin ta agara, kuma waɗanda suka haura 60 da masu shan sitiroyid su ne a gaba wajen haɗarin, a 2016 ta ce kar a yi amfani da su a ciwon fitsari mai sauƙi matuƙar akwai wani zaɓin, a 2018 ta ƙara gargaɗi kan faɗuwar suga da rikicewar tunani da kuma tsagewar babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya. Ku duba fa, rikicewar tunani. Mun ba Mama maganin da shi kansa yana iya ruɗa tsoho, don mu magance ruɗewa.

Sai C. diff, wanda shi ne ya fi tsaya min a rai. Hanjin mutum cike yake da bakteriya masu amfani da suke tsare wuri, antibayotik in ya shiga ba ya tambayar waye mai laifi, sharewa yake, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dangin sifro da kilindamaisin da dangin seftiriyazon su ne suka fi buɗe masa ƙofa, kuma in tsohon yana shan maganin rage asid na ciki kamar omefrazol abin ya ƙara sauƙi. Ƙwayar tana da wani ɓawo da take shiga ta zauna watanni a jikin ƙarfen gado da hannun ƙofa da kujerar bayi, sanitaiza ba ta kashe ta, sai sabulu da ruwa a hannu da bilic a ɗaki. A Amurka an ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ta kama a 2011, kimanin 29,000 suka rasu cikin kwana talatin da gano ta, kuma mafi yawansu 'yan 65 ne zuwa sama. Kuma ba ta tsayawa a kan wanda ya sha maganin. Wani bincike da aka yi a gidajen tsofaffi sama da 600 a lardin Ontariyo na Kanada, aka buga a 2015, ya gano wani gidan yana amfani da antibayotik kusan ninki goma na wani, kuma mazauna gidajen da aka fi rubutawa sun fi shiga haɗarin illolin da ke biyo bayan antibayotik, har da waɗanda su ba su sha ko ƙwaya ɗaya ba. Wato takardar da ka rubuta wa ɗaki na huɗu tana iya kwantar da ta ɗaki na tara, tunda hannu ɗaya ke wanke su, bayi ɗaya suke shiga, teburi ɗaya suke zama.

Haka ma maganar ƙwayoyin da suka daina jin magani. A da in sakamakon kalca, gwajin lab da ke nuna ƙwayar da maganin da ke kashe ta, ya dawo za ka ga zaɓi biyar shida, yanzu sau nawa nake buɗe takarda in ga duk na sha sun ƙare sai na allura, wato dole a ɗauki tsohuwa mai mantuwa a kai ta asibiti a ɗaura mata dirif cikin baƙin fuskoki tana fizgewa tana kuka, ta dawo mana ta fi yadda ta tafi lalacewa. Kowane kwas na banza da muka ba ta a baya shi ya cinye mata zaɓin ranar da take buƙata da gaske. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, wanda ya biyo baya a 2024 kuma ya nuna daga 1990 zuwa 2021 mace-macen nan sun ragu da fiye da rabi a yara 'yan ƙasa da shekara biyar amma sun ƙaru da sama da kashi 80 cikin ɗari a 'yan 70 zuwa sama. Mutanenmu ke nan, su ake nufi.

Yanzu bari in yi muku adalci, don na san abin da kuke tsoro kuma ni ma ina tsoronsa. Tsoho na iya ɗauke da cuta mai kisa jikinsa bai yi zafi ba, yana iya zama lafiya da magariba kafin asuba cuta ta shiga jini, na tsaya a kan irin wannan, na ga yadda awa biyu ke raba rai da mutuwa. Wanda numfashinsa ya yi sauri, jininsa ya faɗi, yana rawar sanyi, jikinsa ya saki, wannan ba a jira da shi, a ba shi magani yanzu yanzu kuma a ba shi mai ƙarfi, in na kira ku a kan irin wannan ina so ku fi ni gaggawa. Ba cewa nake a hana tsofaffi magani ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake a bambance, kuma an riga an yi mana aikin bambancewar. Tun 2001 Dakta Mark Loeb na Kanada da abokan aikinsa suka fitar da mafi ƙarancin alamomin da ya kamata a gani kafin a fara antibayotik a gidan tsofaffi. A fitsari ga wanda ba shi da roba: sabon zafi wajen yin fitsari, ko kuma zazzaɓi da ya haura digiri 37.9 na Selsiyos tare da aƙalla ɗaya cikin yawan zuwa fitsari, matsuwa, ciwon mara, jini a fitsari, ciwo a kwiɓi wajen ƙoda, ko sabon zubar fitsari. Ga mai roba kuma zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko ciwon kwiɓi, ko sabuwar ruɗewa. Shafi ɗaya ne, ana iya manna shi a bango kusa da wayar. Da likitan daren nan ya bi ni da tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, da duka a'a zan ce, da wataƙila tambaya ta gaba ita ce yaushe rabonta da bayan gida.

Kuma jira ba sakaci ba ne in an yi shi da tsari. Ka ce min Sista ki auna zafinta da bugun zuciya da numfashi duk awa huɗu, ki tura mata ruwa, ki duba cikinta, in kaza ya faru ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, gobe da safe zan shigo in gan ta. Wannan umarni ne cikakke, zan rubuta shi in bi shi kamar yadda zan bi na magani, kuma in 'yarta ta kira ina da abin da zan gaya mata. Abin da ba zan iya ba shi ne a ce min a dai sa ido a ajiye waya, babu iyaka babu lokaci, a bar ni ni kaɗai da tsofaffi talatin da fargaba.

In kuma ya tabbata sai an ba da, to a rubuta dalili a rubuta ranar tsayawa. Ina da mutane a fayil da suke shan ƙaramin dos kullum da sunan rigakafin ciwon fitsari tun kafin in fara aiki a gidan, wanda ya rubuta ya daɗe da barin wurin, babu wanda ya san dalili kuma kowa na tsoron tsayarwa. Kwana goma ko sha huɗu da hannunku ya saba rubutawa, yawancin cututtukan nan ba sa buƙatarsu, nimoniyar da ta amsa magani kwana biyar na isarta, ciwon mafitsara mai sauƙi a mace kwana uku zuwa biyar gwargwadon maganin, na namiji bakwai. A Ontariyon dai an duba an ga kusan rabin abin da ake rubutawa yana wuce kwana bakwai, kuma abin da ya fi yanke tsawon ba yanayin mara lafiyar ba ne, al'adar likitan da ya rubuta ce. Sannan bayan awa 48 zuwa 72 a dawo a duba, kalca ya fito, in babu komai a tsayar, in maganin da ya fi sauƙi zai yi a koma kansa. Maganar dole sai an ƙarasa tana aiki ne a kan maganin da ake buƙata, wanda aka fara bisa kuskure ranar da aka gane ita ce ranar tsayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2017 ta kasa antibayotik gida uku, na farko da ake farawa da su, na biyu da ake taka-tsantsan da su, na uku na ajiya don ranar da komai ya ƙi, kuma sifro yana gida na biyu, bai kamata ya zama abin da baki ke fara furtawa cikin barci ba. Ku kuma riƙa bincikar rubutun nan na cewa wane ba ya jituwa da fenisilin, yawancin masu ɗauke da shi in an gwada ba gaskiya ba ne, wani ƙurji ne na shekara hamsin da suka wuce, amma saboda shi ake tsallake magani mai sauƙi a tafi mai illa.

Na san 'yan uwa na matsa muku, mu ma suna matsa mana. Ɗa ya zo ya ga mahaifiyarsa ba ta gane shi ba, hankalinsa ya tashi ya ce a auna fitsari ai wancan karon ma shi ne, kuma ba laifinsa ba ne, mu muka koya masa hakan wancan karon. Amma na lura in aka zauna da su minti biyar aka ce ga abin da muka duba, ga abin da muke jira mu gani, ga illar da muke guje mata, yawancinsu suna fahimta har su yi godiya. So suke su ga an damu da uwarsu, kwalin magani kawai shi ne shaidar da muka saba nuna musu.

Akwai kuma wuri mai nauyi da ba a son taɓawa, ƙarshen rayuwa. Wani bincike a gidajen tsofaffi na yankin Boston ya nuna cikin masu matsananciyar mantuwa da suka rasu, kashi 42 cikin ɗari sun sha antibayotik a makonni biyun ƙarshe, kuma a masu nimoniya cikinsu an ga maganin yana ƙara kwanaki amma bai ƙara musu jin daɗin jiki ba. Ni ba zan yanke wa kowa hukunci a nan ba, wani iyalin kwanakin suke so kuma haƙƙinsu ne. Roƙona a yi maganar da su tun da rana tsaka, tun mutum bai shiga wannan halin ba, a ji abin da shi kansa yake so in yana iya faɗa, a rubuta. Don na sha riƙe hannun da duk jijiyoyinsa sun ɓuya ana ta soka allura ana nema, mai hannun yana nishi, kuma babu wanda ya taɓa tambayar kowa ko hakan ake so.

Ku kuma manajoji, rabin maganar nan taku ce. A Amurka tun Nuwamban 2017 doka ta wajabta wa gidajen da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati su kasance da tsarin sa ido kan antibayotik, amma ko babu doka a inda kuke babu abin da ya hana ku sanin kwas nawa aka rubuta a gidanku watan jiya da dalilin kowanne da wanda ya rubuta, ku kawo mai harhaɗa magunguna ya zauna da mu ya bi fayil ɗin. Ku kwashe tsinken gwajin nan daga durowar dare. Ku ba mu hannun da zai isa a zauna a ba mutum ruwa kurɓi kurɓi, a kai shi bayi a kan lokaci, a goge masa baki da haƙora safe da dare tunda dattin baki na gangarawa huhu, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a cire robar fitsarin da aka saka don sauƙin aiki ba don larura ba, a yi allurar rigakafin mura da nimoniya da korona a kan lokaci har da mu ma'aikata. Mutum biyu a kan tsofaffi talatin cikin dare ba za su iya wannan ba, kuma duk abin da hannu ya kasa yi ƙarshensa a tiren magani yake ƙarewa.

Likita, gani ya kori ji, na fi so ka zo. In ba za ka iya zuwa ba cikin daren, na gane, kai ma gidaje nawa ne a wuyanka, to ka ba ni minti biyar a maimakon biyu. Ni na yi alkawari ba zan ƙara kiranka da tsinke a hannu ba, zan kira ka da zafin jikinta da numfashinta da bugun zuciyarta da awon jininta da sugarta, da abin da ta ci da abin da ta sha, da ranar da ta yi bayan gida, da sabon maganin da aka ƙara mata. Kai kuma in na manta ɗaya ka tambaye ni, in na ce maka fitsarinta na wari ka ce min to sai me kuma, ka sa in koma ɗakin in ɗaga rigarta in taɓa cikin in dawo in gaya maka, zan jira ka a layi.

Taku,
wata nas mai diyutin dare